SIFFAR GARI DA HANYOYIN DA MASANA KE BI WAJEN NAZARINTA

Jawabin da aka gabatar a zauren taro, albarkacin bikin cikar sarauta shekara 100

  









GABATARWA

Waɗanda suka riga ni hawa wannan mumbari sun kawo mana jerin sarakunan da suka riƙe wannan gida, da abin da kowannensu ya bari. Ni kuwa kwamitin shirya biki ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan garin kansa, wato ƙasar da muke takawa, da rariyoyin da muke bi, da katangun da muke jingina da su. Ni ba malamin jami'a ba ne. Sana'ata ita ce in zauna da masana a gidan rediyo in yi musu tambaya, sannan in mayar da amsarsu cikin harshen da kowa zai ji. Abin da zan yi ke nan yau, da izinin Sarki.

Maganar da nake so in kafa guda ce. Shimfiɗar gari ta fi ginin gari tsawon rai, kuma a cikinta ne magabata suka ajiye abin da suka sani game da ruwa, da tsaro, da zaman tare. Akwai ilimi na musamman da ake koyarwa a jami'o'i domin karanta wannan shimfiɗa. Duk wanda zai yanka sabon fegi, ko ya fasa tsohuwar unguwa domin fitar da titi, ya kamata ya fara sanin abin da wannan ilimi ke cewa.

MENE NE ILIMIN SIFFAR GARI?

Nasara suna kiransa morfoloji na birane. Tambayoyinsa masu sauƙin faɗi ne. Me ya sa wannan hanya ta miƙe, waccan ta lanƙwashe? Me ya sa kasuwa take nan, maƙabarta take can? Wa ya shata iyakar wannan gida, kuma yaushe? Me ya sa wata unguwa ke kwana cikin ruwa duk damina, maƙwabciyarta kuwa ƙasarta a bushe?

Tunanin ya daɗe. Tun a shekarar 1377 Ibn Khaldun, malamin nan haifaffen Tunis, ya yi bayani a cikin Muƙaddimarsa kan abin da ya wajaba mai kafa birni ya duba: kariya daga abokan gaba, kyawun iska, kusancin ruwan sha, makiyayar dabbobi, gonaki da itacen wuta. Amma zamansa fanni mai ƙa'idoji ya faro ne a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, wurin masana labarin ƙasa irin su Otto Schlüter, wanda ya yi rubutu kan shimfiɗar birane a 1899. Daga baya ilimin ya yi rassa a Ingila da Italiya da Faransa, har a 1994 masu wannan nazari suka kafa ƙungiyarsu ta duniya. Zan kawo hanyoyi biyar daga cikin waɗanda suke bi, in gwada kowace a kan garuruwan da muka sani, domin gani ya kori ji.

HANYA TA FARKO: TITI, FEGI DA GINI

Wannan ita ce hanyar masu taswira, kuma jagoranta shi ne Conzen, Bajamushen da ya koma Ingila da zama a 1933. Ya ɗauki wani ƙaramin gari a arewacin Ingila mai suna Alnwick, ya bi shi gida gida, ya jera tsofaffin taswirorinsa yana gwada ta wannan zamani da ta wancan, ya fitar da sakamakon a 1960. Ya ce shimfiɗar kowane gari abu uku ne a haɗe: hanyoyi, da fegin da kowane gida ke zaune a kai, da ginin da ke cikin fegin. Babban abin da ya gano shi ne waɗannan abubuwa ba sa tsufa tare. Amfanin da ake yi da gini shi ne mai saurin sauyawa, don zauren jiya shi ne shagon yau. Ginin kansa yakan yi shekaru kafin a rushe shi. Iyakar fegi ta fi ginin daɗewa, saboda maƙwabci ba ya yarda a ci masa ko taki ɗaya. Hanya kuwa ita ce ta fi kowa tsawon rai.

Wannan ƙa'ida ta fi amfani a wurinmu, mu masu ginin ƙasa. Katangar tubali tana bukatar yaɓe, in an bar ta damina kaɗan sai ta koma inda ta fito. Saboda haka da wuya a sami ɗakin da ya shekara 200 a tsaye ba tare da an sake shi ba. Amma rariyar da ke gaban ɗakin tana nan inda take. Sau da yawa titin da ya ratsa unguwa a karkace tsohon burtali ne da shanu ke bi zuwa mashaya, gari ya girma ya haɗiye shi. Hanyar da ta zagaye tsohon gari kamar zobe takan nuna inda ganuwa ko shingen kariya ya bi. Inda hanyoyi da yawa suka haɗu a bakin tsohuwar unguwa, a bincika, wataƙila nan ƙofar gari take a da.

Mu ɗauki Damagaram. Mai kallon taswirar Zinder zai ga gari uku a cikin gari guda. Akwai Birni, mai lunguna masu lanƙwasa a tsakanin manyan duwatsu, inda fadar Sarki take, wanda Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19. Akwai Zango daga arewa, masaukin ayarin Abzinawa da fatake, inda attajirai irin su Malam Yaro suka zauna. Sannan akwai unguwar ma'aikatu mai miƙaƙƙun tituna, wadda ta taso a tsakaninsu bayan Faransawa sun ci garin a 1899, musamman lokacin da Zinder ta zama hedikwatar ƙasa daga 1911 zuwa 1926. Ganuwar ta zube sai ɗan abin da ya rage, amma har yau ko baƙo ya san lokacin da ya shiga Birni, domin hanyoyin da kansu suna gaya masa.

Conzen ya ƙara da wata lura. Duk lokacin da girman gari ya tsaya na wasu shekaru, abubuwan da ke bukatar babban fili sukan taru a gefensa: maƙabarta, filin idi, barikin soja, asibiti, makaranta, filin wasa. In gari ya sake motsawa sai ya tsallake su, su zama kamar ɗamara a tsakiyarsa. Mai son sanin inda gari ya tsaya a wani zamani, sai ya nemi wannan ɗamara. A Yamai an fara dasa dajin bedi a gefen gari a 1965 domin ya zama shinge ga iska da ƙura. Yanzu gari ya wuce shi nesa, gine-gine kuma sun ci wani sashe nasa.

HANYA TA BIYU: IRIN GIDA

Ita kuma wannan hanyar masana zanen gini ce, kuma daga Italiya ta fito. Saverio Muratori ya damu da yadda sababbin gine-gine na zamaninsa ba su da wata dangantaka da garuruwan da ake dasa su a ciki. Sai ya fita da ɗalibansa cikin birnin Venis suna auna gidaje unguwa unguwa, ya buga aikin a 1959. Shi da almajirinsa Gianfranco Caniggia sun nuna cewa kowace al'umma tana da irin gidan da ta ɗauke a ka ba tare da an rubuta shi ba, kowane magini ya san shi, kuma daga maimaita wannan iri ne unguwa take samun kamanninta. A Faransa ma wasu malaman makarantar zanen gini ta Versailles, irin su Philippe Panerai da Jean Castex, sun bi sawun wannan tunani a 1977, inda suka duba yadda rukunin gidajen da tituna suka kewaye ya yi ta sauya kama a biranen Turai.

To, mene ne irin gidan Bahaushe? Kowa a nan ya san shi. Zaure a bakin hanya, inda maigida ke karɓar baƙi, malami ke karantarwa, mai sana'a ke aikinsa. Bayansa ƙofar gida, inda samari da baƙi ke kwana. Sai shigifa, sai cikin gida, inda ɗakunan mata da turaka da madafa da rumbu suke kewaye da tsakar gida. Ƙofofin ba sa kallon juna, don kada idon mai wucewa ya faɗa ciki. Wani masani mai suna Friedrich Schwerdtfeger ya auna gidaje a birnin Zariya, ya buga bincikensa a 1982, ya nuna cewa irin wannan gida yana girma yana raguwa tare da iyalinsa. In ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki, in tsohuwa ta rasu a bar nata ya zube, in maigida ya kau aka raba gado sai a ja katanga a fasa sabuwar ƙofa. Lungun da ba ya ɓullewa ko'ina yawanci haka aka same shi: hanya ce da ƴan'uwa suka bar wa wanda rabonsa ya faɗa can ciki.

Fegin zamani mai kusurwa huɗu, wanda muke kira kare, ya zo da nasa hukunci. Girmansa a ƙayyade yake, ba ya miƙewa in iyali sun yawaita. Zaure ya ƙanƙance, a wasu gidajen ma ya koma garejin mota, baƙo kuwa ya rasa inda zai tsaya tsakanin titi da tsakar gida. Masu wannan hanya ba su ce a koma jiya ba. Abin da suke cewa shi ne a san irin gidan kafin a sauya shi. Muna da shaidar cewa hakan mai yiwuwa ne. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, cikin jihar ta Tawa, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa, aka kammala a 2018.

HANYA TA UKU: ƘAFAR MAI TAFIYA DA IDON MAZAUNI

A Landan, Bill Hillier da Julienne Hanson sun fito da wata dabara ta lissafi a 1984. Sukan zana kowace hanya ta gari da miƙaƙƙen layi, su ƙirga sau nawa mutum zai karya kwana kafin ya kai daga wannan hanya zuwa sauran. Hanyar da ta fi sauƙin kaiwa ga kowace, ita ce ƙafa ta fi yawa a kanta, kuma inda ƙafa ta yi yawa nan ciniki yake sauka. Wannan ya bayyana abin da muka gani da idonmu a garuruwan da babbar hanyar Yamai zuwa Zinder ta ratsa: tasha da shaguna da masu tebur sun koma bakin titi, tsohuwar cibiyar gari ta yi sanyi. Da wannan lissafi ana iya hango abin da sabon titi zai yi wa tsohuwar kasuwa tun ba a zuba tsakuwa ba. Haka kuma sukan ƙirga ƙofofin da mutum zai ratsa daga waje zuwa kowane ɗaki. In aka yi wa gidanmu na gargajiya wannan ƙirga, sai a ga kunya da mutunci sun fito a cikin alƙaluma, don kowane baƙo yana da ƙofar da zai tsaya gwargwadon kusancinsa da masu gida.

A Amurka kuma Kevin Lynch ya bi ta wani ɓangare. A binciken da ya buga a 1960, ya roƙi mazauna Boston da Jersey City da Los Angeles su zana masa garinsu da ka. Ya tarar mutane suna riƙe gari a zuciya da abu biyar: hanyoyi, iyakoki, unguwanni, mahaɗu da alamomi. Mu ma da alama muke kwatance. Mukan ce bayan marina, gindin tsamiya, kusa da rijiyar wane, ko da marinar ta daɗe da mutuwa, tsamiyar kuma an sare ta. Darasin wannan hanya shi ne taswirar da ke ofis ba ita kaɗai ce taswirar gari ba. In aka ba mai unguwa da ungozoma da ɗan garuwa da almajiri takarda, kowannensu garin da zai zana dabam ne, kuma kowanne ya san wani abu da injiniya bai sani ba. Ɗan garuwa ya san inda ƙasa ke gangara. Ungozoma ta san ƙofofin da ke tsakanin gida da gida, waɗanda mata ke bi ba tare da sun fita titi ba.

HANYA TA HUƊU: SHARI'A DA AL'ADA

Matafiya da masu mulkin mallaka da yawa sun kalli tsofaffin garuruwan Musulmi suka ce ba su da tsari. Masana na baya sun nuna cewa tsarin yana nan, sai dai a cikin hukunci yake, ba a zane ba. A Tunis, a ƙarni na 14, wani magini mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun maƙwabta, ya tara hukunce-hukuncen gini bisa mazhabar Malikiyya, wadda ita ce tamu. Tushensu hana cuta ne: kada tagarka ta leƙa tsakar gidan wani, kada ƙofarka ta fuskanci tasa, kada indararonka ya zuba a katangarsa, kada hayaƙi ko warin sana'arka ya hana shi zama. Hadisi ya zo da cewa in an yi jayayya kan faɗin hanya a sanya ta zira'i 7. Besim Hakim, wanda ya nazarci tsohon birnin Tunis ya buga aikinsa a 1986, ya nuna cewa wannan faɗi shi ne wanda raƙuma biyu masu kaya za su gifta juna a cikinsa. Wannan ƙa'ida ta hana cuta ita ce ta kai majema da mahauta gefen gari, ta bar masu turare da masu littafi kusa da masallaci.

Akwai kuma abin da ya riga wannan. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya yi rubutu a 1966 kan yadda Hausawan yankin ke ɗaukar gabas da yamma da kudu da arewa, da yadda wannan ke shiga cikin shata gona da gida da gari. A Agadas kuwa, da hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, ba hasumiyar nan mai tsawon mita 27 kaɗai ta duba ba. Ta duba unguwanninsa 11 masu karkatattun iyakoki, waɗanda suka bi sawun masaukan da ƙabilun Abzinawa suka kafa tantunansu tun ƙarni na 15 da na 16. Tantunan sun zama soraye, iyakokin ba su gusa ba.

HANYA TA BIYAR: KUFAI, BAKIN DATTAWA DA HOTON SAMA

Masanin Turai yana da tsofaffin taswirori da rajistar filaye na ɗaruruwan shekaru. Mai nazarin garuruwanmu dole ya haɗa shaidu daga wurare dabam dabam.

Na farko, rubutun matafiya. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850, ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano a 1851, ya zo Zinder a ƙarshen 1852. Zanen Kano da ya yi ya nuna Dala da Goron Dutse da Jakara, da fili mai yawa a cikin ganuwa wanda ba a gina ba. Wannan fili da gangan aka bar shi, domin a yi noma a ciki kuma mutanen ƙauye su sami mafaka in yaƙi ya zo.

Na biyu, tonon kufai. A Kufan Kanawa, cikin jihar Damagaram, Anne Haour ta yi tono a wani tsohon mazauni mai ganuwa wanda labarin baka ke dangantawa da mutanen Kano. Kasko da gawayi da tudun ganuwa suna faɗin abin da babu mai rai da ya tuna.

Na uku, bakin dattawa da sunayen wurare. Philippe David ya rubuta bayanin tsohon garin Maraɗi a 1964, André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, kuma dukansu sun jingina da abin da tsofaffi suka faɗa. A Yamai akwai cibiyar IRSH mai ajiye tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci, da cibiyar CELHTO mai tattara labarun baka. Sunan unguwa kansa shaida ne. Limanci, Zango, Marina, Maƙera, Sabon Gari, kowanne yana faɗin wanda ya zauna ko sana'ar da aka yi.

Na huɗu, hoton sama. Hukumar taswira ta Faransa ta ɗauki hotunan ƙasarmu daga jirgi a shekarun 1950, an sake ɗauka a 1975, taurarin ɗan Adam na Landsat kuma suna ɗaukar hoton duniya tun 1972. Yau ɗalibi mai kwamfuta yana iya ɗora hoton bana a kan na shekara 70 da suka wuce, ya ga tabkin da aka cike, da ƙoramar da aka gina gidaje a bakinta.

DARASIN RUWA

Allah ya ba ka nasara, a nan ne wannan ilimi ya daina zama zancen malamai ya zama zancen rai da dukiya. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwari yake, kusa da gulbi, inda kurmi ke ba Katsinawa kariya daga mahaya. A 1945 ambaliya ta cinye shi, hukumar lokacin ta mayar da gari kan tudu, aka shata miƙaƙƙun tituna masu faɗi. Wurin da ya dace da zamanin yaƙi ya zama tarko a zamanin zaman lafiya. A ƙidayar 2012 mutanen Maraɗi sun kai dubu 267, kuma ruwan da ke sauka a kan rufin kwano da daɓen siminti na irin wannan gari ba ya nutsewa, gangarawa yake yi da ƙarfi. A ƙarshen watan Agusta na 2024 ruwan sama ya yi ɓarna mai yawa a Maraɗi, har da asarar rayuka. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Satumba, tsohon masallacin Birni na Zinder, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe.

Yamai ma haka. Mutanenta ba su wuce kimanin dubu 30 ba lokacin samun ƴancin kai a 1960, amma a 2012 sun haura miliyan 1. Da aka buɗe gadar Kennedy a 1970, gari ya ƙetara zuwa Harobanda, ya bazu har cikin ƙasa mai kwari. A 2020 kogin Isa ya yi cikar da ba a taɓa auna irinta ba a Yamai, ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga.

Ruwan sama na Allah ne, amma inda muke aza tubali zaɓinmu ne. Kududdufin da ke tsakiyar tsohuwar unguwa ramin da aka ɗebi ƙasar gina unguwar ne, kuma shi ne randar da ke karɓar ruwanta in an yi mamako. In aka cike shi da shara aka sayar, ruwan ba zai fasa zuwa ba, sai dai ya kwana a ɗakin wani. Filin da kakanni suka ƙi ginawa, a tambayi dalili kafin a kafa masa turaku. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

ROƘONMU GA FADA DA HUKUMA

Sarki shi ne uban ƙasa, kuma babu rigimar iyaka da ba ta biyo ta ƙofar fada. Saboda haka nake miƙa waɗannan shawarwari cikin ladabi.

Na ɗaya, a naɗa ƴan kwamiti su zagaya gari da dattawan kowace unguwa, maza da mata, da Sarkin magina, a ɗauki muryarsu a rubuta: ina gari ya fara, ina tsohuwar kasuwa ta ci, ina rijiyoyin farko, ina ruwa ya kai a manyan daminun da suka tuna. Wannan aiki ba ya jira, don masu wannan sani suna ƙaranci kowace shekara. Gidajen rediyo suna da na'ura, kuma sun saba da irin wannan hira.

Na biyu, a gayyaci malamai da ɗaliban jami'o'inmu, ta Abdou Moumouni a Yamai, ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ta André Salifou a Zinder da ta Djibo Hamani a Tawa, su zo su yi bincikensu na ƙarshen karatu a kan garinmu. A sauke su, a buɗe musu zaurukan gidaje, da sharaɗin su bar kwafin aikinsu da taswirarsu a fada da ma'aikatar magajin gari, a kuma fassara taƙaitaccensa da Hausa.

Na uku, kafin kowane sabon yankan fegi, a fitar da hanyoyin ruwa da tabkuna da burtali da hurumin maƙabarta a kan takarda, a karanta wa jama'a a ƙofar fada, a haramta sayar da su ko wa ya nema.

Na huɗu, a zaɓi tsofaffin zauruka da soraye da masallatai waɗanda suka cancanci a kiyaye, a auna su, a ɗauki hotonsu, a kuma raya al'adar yaɓe kafin damina ta hanyar gayya. In za a faɗaɗa hanya a tsohuwar unguwa don motar asibiti ta shiga, a yi, amma a rubuta abin da aka taɓa.

KAMMALAWA

Mai martaba Sarki, manyan baƙi, Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Shekara 100 da muke murnarta yau ba a cikin jerin sunaye kaɗai take ba, tana cikin dandalin da ke gaban fada, da rariyar da ta tashi daga nan ta nufi masallaci, da wadda ta nufi kasuwa. Waɗanda za su yi bikin shekara 200 za su bi titunan da muke shatawa yanzu, su zauna a fegin da muke yankawa, ko dai su yi mana addu'a ko su yi ta kwalfar ruwa daga ɗakunansu. Rigakafi ya fi magani.

 Allah ya jiƙan sarakunan da suka gabata, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci da nisan kwana, ya ba mu damina mai albarka marar ɓarna, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu Nijar lafiya. Amin.